Zomanyar Kafinta

Tun da tsohon kafinta ya buɗe shago, ba a taɓa cewa ya haɗa katako biyu iska ta sami wurin wucewa ba. Teburan da ya ƙera suna nan a gidajen mutane, fenti ya koɗe, haɗin bai motsa ba. Da idonsa ya fara dushewa, hannu ya fara rawa, masu aiki suka koma wurin samari masu inji. Shi dai bai fasa buɗe shago ba, yana share dusar katakon da babu.

'Yarsa ce ta kawo masa zomanya, fara mai baƙin kunne guda, wai ta ɗebe masa kewa. Ya yi tsaki, ya ce shi ba yaro ba ne. Washegari ya ɗauko katakon da ya daɗe yana ɓoyo ya ƙera mata keji. Ƙasan kejin kuwa ya haɗe shi tamkar saman tebur, ko allura ba ta bi, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Matarsa, wadda ta gaji da roƙon a gyara mata ƙofar kicin, ta ce ashe laifinta rashin dogon kunne ne.

Da ruwa ya sauka zomanya ta fara ramewa. Hannunsa ya riga idonsa sani: ya ɗaga ta wata safiya, ya ji kamar an musanya masa katako da kwali. Kafin ya ankara ƙashin bayanta ya fito kamar haƙoran zarto, ciki ya kumbura, zawo ya ɓata mata gashi. Ganyen da take fizga daga hannunsa yanzu sai ta shinshina ta kau da kai.

Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ya duba.

"Dattijo, ka sa mata wuƙa tun da sauran abin tsotsa."

"Kai ma ka rame," in ji kafinta. "Wa ya sa maka wuƙa?"

Ya naɗe ta a tsohuwar rigarsa ya kai ta wurin likitar dabbobi. Ta auna kashinta, ta ce wasu ƙananan ƙwayoyin cuta ne ke cin hanjin. Ƙwansu yana fita cikin kashi, in ya kwana a wuri mai laima ya nuna, ya koma baki tare da abinci. Ta tambayi irin kejin. Nan kafinta ya gyara zama, ya kwatanta mata aikinsa daki-daki, har da katako da gam. Ta bari ya gama.

"Baba, to ai nan matsalar take. Babu abin da ke faɗawa ƙasa. A kan cutar take kwana."

Ta ba shi maganin zubawa a ruwan sha, ta ce in ba a sauya ƙasan kejin ba, maganin wahalar banza ne.

Mai walda da ya ji labari ya ce zai haɗa masa na ƙarfe da raga, ya huta, tunda hannun ya gaji. Kafinta ya fitar da zomanya daga kejin. Ya kife kejin a kan benci, ya wasa zarto, ya ɗora shi a kan aikin da ya fi kowanne kyau a tsufansa. Hannun yana rawa, yankan farko ya karkace. Ya cije leɓe ya ci gaba. Ya tsaga katakon sala-sala, ya ƙone waɗanda fitsari ya ci, ya wanke sauran da tafasasshen ruwa, ya shanya. Sa'annan ya buga su ɗaya bayan ɗaya, yana sa ɗan yatsansa a tsakani.

Matarsa ta zo da abincinsa ta tarar rana tana ratsa ƙasan kejin layi-layi.

"Malam, yau kai ne da barin tsaga a aiki?"

"Aunawa na yi," ya ce, bai ɗago ba.

Ya sa faranti a ƙarƙashi, yana zubarwa safe da yamma. Zomanya ta ɗau kwanaki tana kwance, numfashi kawai. Mai walda ya daina zolaya. Ran nan kafinta yana zaune ya ji ƙwas a kan farantin, sai wani ƙwas, kashi ne busasshe. Ya miƙa ganye, aka fizge da ƙarfi har yatsa ya sha haƙori.

Ya ɗaga ta a tafin hannu. Har yanzu ba nauyi, amma ba kwali ba ce. Ya ƙwala wa mai walda kira ya zo ya gani, ya kuma gaya wa matarsa ƙofar kicin ta ƙara haƙuri.