Tawada a Yatsan Babana

Jiya a kasuwar Maigatari na ga tawada a babban yatsan wani dattijo. Sai na tuna marigayi lauyan nan na Gumel, mai ba ɗaliban jami'a shawara a zaurensa.

Shekarar da aka koro mu gida bayan zanga-zanga, jami'a ta aiko takarda, wai sai uba ya sa hannu ɗalibi zai koma. Babana, manomi a Sule Tankarkar, ya dangwala yatsa, ya ce ba a musu da hukuma. Ni ma ban karanta ba. Gaisuwa kawai ta kai mu wurin lauyan.

Ya kalli yatsan Baba, ya ajiye goronsa. "Malam, me ka dangwala?"

Ya karɓi takardar daga hannun Baba ya fassara ta a fili: wai na amsa ina cikin waɗanda suka ƙona mota.

Baba ya rafka salati, yana ta goga yatsan a rigarsa.

"Bar yatsan, Malam, takardar ce abin ji," in ji lauyan. Ya kekketa ta, ya rubuta wata.

Allah ya ba shi takardarsa a hannun dama.