Ranar da Kajin Nani Suka Daina Faɗa

Daga Allah muka fito, kuma komai nisan da mutum ya yi, gare Shi zai koma. Ranar Alhamis, sha uku ga watan Maris, wadda ta yi daidai da sha uku ga azumi, da la'asar sakaliya, Allah Ya karɓi ran Zaibun Nisha Buksh a gidanta da ke garin Deep Bay na bakin teku, tana da shekara saba'in da tara. Washegari bayan Juma'a muka kai ta makwancinta. A garin nan ba wanda ya san ta da wannan dogon suna. Daga masu jiragen kamun kifi har mai sayar da mai, kowa Nani yake ce mata, wato kaka, yadda jikokinta ke kiranta da bakin mutanen Fiji.

Ni ne Nafi'u, mai zuba ƙanƙara a jiragen kamun kifi a tashar jiragen ruwa. Karatuna na allo ne, ban saba irin wannan rubutu ba. 'Yarki Feroza ce ta ce ni zan yi, Nani, wai tunda ni na fi kowa ba ki wahala, ni ya kamata in biya.

Shekara tara ke nan da na fara ganin ki. Kina zaune a kan kifaffen bokiti a bakin ruwa, da madubin hangen nesa a wuya, da ɗan littafi a cikin ledar burodi don kada ruwan sama ya jiƙa shi. Gabanki kuwa fararen tsuntsayen tekun nan ne, masu toka-tokan fiffike da rawayan baki, waɗanda kowa ke kora saboda ɓarnarsu. Na ce, "Tsohuwa, yaushe za a yanka mana ɗaya daga cikin kajin nan naki?" Ko juyowa ba ki yi ba, kika ce, "Ranar da ka yi hankali. Ka ga kuwa sun tsira." Daga ranar suka zama kajin Nani, ni kuma na zama ja'iri.

Sanyin wannan shekarar ya same ni da 'yar riga mai shara-shara. Ke kika ɗauko kwat ɗin marigayi mijinki kika jefo mini, kika ce ba kyauta ba ce, karkarwata ce ke firgita miki tsuntsaye. Haka kike alheri, da zagi a bakinsa, don kada mutum ya ji nauyi. Duk azumi rotinki, gurasar fulawar nan taku, da miyar kifi ba su taɓa fashin zuwa ɗakina ba.

Shekara talatin kika yi kina yankan kifi a kamfani, har yatsunki suka lanƙwashe. A 'yan mintocin hutun shayi kika fara kallon tsuntsayen, kuma ba ki daina ba har shekara arba'in da ɗaya. Ke kika nuna mini cewa tsuntsayen nan masu launin ruwan ƙasa da nake zaton wani iri ne daban, yara ne, sai sun shekara huɗu suke samun farar riga. Ke kika nuna mini wanda ke ɗaukar ƙumba ya tashi da ita sama, ya sake ta a kan kwalta ta fashe, da wanda ke tattaka jiƙaƙƙiyar ciyawa kamar mai rawa har tsutsa ta fito. Malaminmu na allo ya koya mana cewa arzikin kowace halitta yana hannun Mahaliccinta. Da bulala na haddace wannan. A gefen bokitinki na gan shi da ido.

Amma idin shekararki shi ne Maris, lokacin da kifin herin ke matsowa gaɓa don zuba ƙwai. Ruwa ya yi fari kamar an tsiyaya madara, ƙwan ya manne a ciyawar teku kamar ƙwayar gero, tsuntsaye su zo dubu bisa dubu. Kafin kowa ya sani, ke kin sani. Hatta Gordie Lund, da jirginsa cike da na'urori, sai ya biyo ta wurinki da kofin kofi ya ce, "Nani, me kajin suka ce yau?"

Shekara huɗu da suka wuce na yi niyyar ganin ƙarshen wannan sani naki. Na cika robobi biyu da hanji da kawunan kifi, na shiga ƙaramin kwalekwale, na zagaya bayan tsinin gaɓa na juye su. Nan da nan sama ta rufe da tsuntsaye. Na dawo da gudu ina haki, na ce, "Nani, herin sun iso!" Gordie har ya ajiye kofinsa zai ruga. Kika ɗaga madubi, ba ki yi minti ɗaya ba kika sauke.

"Gordie, kada ka ƙona manka a banza," kika ce. "Wannan abincin ɗan Adam ne."

Na ce, "Haba Nani, ido fa ya tsufa."

"Kunne bai tsufa ba. Ba ka ji faɗa suke ba? Abin da mutum ya zubar kaɗan ne, dole su yi kokawa a kansa. Ranar da herin suka zo, kowa kansa a ƙasa, ba mai lokacin korar wani. Kuka suna yi, amma na ƙoshi ne. Kuma je ka wanke takalminka, ja'iri, tun daga can nake jin ƙarninka."

Ba ki kai ƙarata wurin maigidana ba. Hukuncina shi ne ɗaukar bokitinki har ƙarshen wata. Watan ya ƙare, ban ajiye ba.

Bana ciwo ya kwantar da ke tun Janairu, herin kuma suka yi jinkirin shigowa gaɓarmu. Ranar Lahadi Feroza ta ja ni kicin ta ce, "Likita ya ce kwanaki ne suka rage, ita kuwa ba ta tambayar komai sai herin. Kai da ka iya tsara zance, shiga ka ce mata sun zo, hankalinta ya kwanta."

Na ce, "Anti, azumi fa nake."

"Ranar da ka sa wa Gordie ƙaguwa a takalmi, ba azumi kake ba?"

Na shiga. Wallahi, Nani, ban taɓa shirya ƙarya mai kyau irin ta ranar ba. Na ba ki farin ruwa, na ba ki dabbobin ruwan nan da ake kira zakunan teku suna haushi, na ba ki tsuntsaye har tsibirin Hornby. Kika saurare ni idonki a rufe, sannan kika ce in buɗe taga. Iska mai sanyi ta shigo, da kukan 'yan tsirarin da ke rigima a bayan shagon soyayyen dankali.

"Har a bakin kabarina, ja'iri?" kika ce. Ba fushi a muryarki. "Feroza ce ta aiko ka, na sani. Ku ne ke tsoron in tafi ban ji ba. Ni abin da nake tsoro daban ne. Shekara arba'in da ɗaya ban rubuta abin da ban gani ba, ba a shafin ƙarshe zan fara ba." Kika nuna ledar burodin da ke kan tebur. "Ɗauka, je ka zauna a kan bokitina. Abin da ka gani ka rubuta, ko da wannan karkataccen ajamin naka ne."

Litinin na rubuta, ba su zo ba. Talata, ba su zo ba. Laraba ma haka. Kullum in hau tudu zuwa gidanki in karanta miki, ki gyaɗa kai, kullum kuma numfashinki yana ƙara gajarta. Ban taɓa sanin gaskiya tana da nauyi haka ba.

Ranar Alhamis da gari ya waye, na sauka bakin ruwa na tsaya cak. Teku ta yi fari tun daga tasha har inda ido ya ƙare. Tsuntsaye sun rufe gaɓa, manya da yara, kafaɗa da kafaɗa, kowa kansa a ƙasa. Na ruga gidanki. A bakin ƙofar ɗakinki na tuna cewa maganata ba ta da sauran daraja a wurinki, don haka ban ce uffan ba. Taga kawai na buɗe.

Kika daɗe kina saurare. Feroza tana riƙe da hannunki.

"Ka ji ko?" kika ce a hankali. "Ba mai korar wani. Rubuta." Na rubuta. Sai kika buɗe ido ɗaya kika dube ni. "Yau dai na yarda da kai, tunda ba ka ce komai ba."

Wannan ce maganarki ta ƙarshe da ni. Da la'asar kika cika da kalmar shahada, taga a buɗe.

Ya Allah, baiwarKa Zaibun ta zo gare Ka a watan rahama. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta ciyar da baƙo, ta tufatar da mai jin sanyi, ta kiyaye harshenta da alƙalaminta daga ƙarya, Ka sa wannan a mizaninta. Ka saukar da ita a gidan da ni'ima ta ishi kowa, inda ba mai korar wani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Feroza da mijinta da jikoki, da 'yan'uwa na nan da na Fiji, da Gordie wanda ya tsaya a bayan sahu da hularsa a hannu har aka gama. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Ki yafe mini robobin nan biyu, Nani, da ƙaryar ranar Lahadi. Bokitinki yana wurina, littafin ma Feroza ta bar mini. Akwai sauran shafuka, kuma abin da na gani kawai zan rubuta.