Duwatsun Baba Katafila

Kwalayen sabulu cike da duwatsu, kowane dutse naɗe a tsumma. Farantan yashi. Tsohon buroshin haƙori, gashin kaza, madubin ƙara girma mai tsagaggen baki. Buhun gawayi. Kujera 'yar tsugunno. Abin da ke bayan a-kori-kurar ke nan, ban da kwali ɗaya da Baba Katafila ya ƙi yarda a sa a baya. Wannan yana kan cinyarsa, ya rungume shi.

"Yaya, mai keke fa ya wuce mu," in ji ƙaninsa da ke tuƙi.

"Bar shi ya wuce. Ga rami can."

"Na gan shi."

"Wancan ma ka ce ka gan shi."

Aikinsa ne ya ba shi sunan. Direban katafila ne a kamfanin gina hanya har ya yi ritaya. Duk inda aka fasa tudu, idan abokan aiki sun nemi inuwa, shi sai ya sauko ya bi gefen yankan yana duba ƙasa. A nan ya fara tsintar katantanwar da ta zama dutse, a wurin da rijiya ma da ƙyar take ba da ruwa. Wani injiniya ya ce masa teku ce ta taɓa rufe wurin. Bai yi musu ba. Ya jefa abin a aljihu ya koma kan aiki. Daga baya ya sami icen da ya zama dutse, da haƙoran dabbobin ruwa, da wani falalen dutse da ya tsage gida biyu, cikinsa kifi kwance da ƙayoyinsa.

Ɗakin zaurensa ya ware musu. Kullum da safe zai buɗe taga, ya bi kanta kanta da gashin kaza, ya sa buroshi inda ƙura ta maƙale. Ruwa ba ya taɓa su. Da damina yakan jera gawayi a kusurwa, domin akwai masu ƙyallin zinariya da laima ke mayarwa gari. Matarsa takan leƙo ta ce, "Wasu gona suke bar wa 'ya'yansu, kai tsakuwa." Ita ce kuma ke yanka masa tsummokaran.

Doka ɗaya ce a ɗakin: wanda ya shigo sai ya riƙe. Za ka zauna, a ɗora maka farantin yashi a cinya don ko ya kuɓuce ya faɗa a taushi, sannan a miƙo maka dutse. Mai waldan layinmu ya riƙe. Malamin kimiyya ya sha kawo ajinsa. Mai shagon magani ta ce a nan ta fara jin cewa tambaya ba rashin kunya ba ce. Wani dattijo makaho ya daɗe yana shafa wata naɗaɗɗiyar katantanwa, ya ce, "Ƙahon rago ka ba ni." Aka yi masa bayani. Ya ce, "To ragon ruwa ne," ya nemi a ƙara masa wani.

A manyan gidajen tarihi na ƙasashen nesa, tsakaninka da irin waɗannan akwai gilashi da mai gadi. Baba, kai ne ka sa mana su a tafin hannu. Ba ka taɓa cewa ka san abin da ba ka sani ba. Idan an tambaye ka shekarun dutse, sai ka ce, "Ya dai girme ni."

Bara laima ta kama bangon zauren, ta ci masa duwatsu masu kyau. Idonsa ma ya rage. 'Ya'yansa, da suke aiki a nesa, suka gaya masa gaskiya: ba su da inda za su ajiye. Makarantar sakandare ta unguwar ta ba da ɗaki busasshe a bene. Can motar ta nufa.

Shugabar makarantar ta tarbe su da kanta. Ta sa an yi fenti, an kawo kabad na gilashi masu makulli. A jikin kowanne an manna takarda: kada a taɓa.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa da kwalinsa.

"Malama, wannan fa?"

"Baba, yarana sun fi ɗari bakwai. Makon jiya suka karya ƙofar ƙarfe."

"Dutsen da ba a riƙe ba, gara a bar shi a tudunsa."

"Wanda aka fasa fa?"

Ƙaninsa ya ce, "Ni dai ku gaya mini in sauke ko in juya, mai na ƙonewa."

Shugabar ta roƙi a nuna mata abin da ke cikin kwalin. Ya kwance tsumman, kifin ya bayyana. Ta kai shi wajen taga, ta ari madubin ƙara girman.

"Ina wutsiyarsa?"

"Ga ta nan."

"Ban gan ta ba, Baba."

Ya karɓa ya matsa kusa da haske. Ya daɗe. Wutsiyar da ya sani ta shafe, sai santsi da maiƙon hannu. Nan ne kowa ke dafawa da babban yatsa, shekara da shekaru, shi kuma da ido ya rage yana ganinta ne yadda take a da. Bai kawo uzuri ba.

"Mu muka cinye ta," ya ce.

Mun gode, Baba Katafila. Mun gode da safiyoyin da ka ba ƙura, da ƙofar da ba ka taɓa rufe wa kowa ba, da kuma wannan amsa. Duk mai wani abu a ɗaki da zai buɗe wa mutane ido, ya dube ka: ya kula da shi, ya fito da shi, in an nuna masa kuskure ya karɓa.

Sai da rana ta karkata aka gama sauke kaya. Da hannunsa ya sa kifin a kabad, tare da masu rauni, ya murɗa makulli ya miƙa wa shugabar. Sauran, masu jure hannu, ya jera su a kan dogon tebur. Ya bi sauran kabad ɗin da ba komai a cikinsu ya ɓamɓare takardunsu. Shugabar ta kalle shi, ba ta hana ba.

"Wa zai tsare teburin?" ta tambaya.

Ya fito, ya jawo ƙofar har ta kama.

"Ni. Ki turo yaran aji aji. Zan riƙa zuwa har ranar da benen nan ya fi ƙarfina."