A'a Irin Ta Inna

Jiya a shagon shayi na mamak da ke unguwar Setapak, nan ƙasar wajen da nake karatu, wani ɗan ajinmu ya kawo mana wasa ƙwaƙwalwa: masu gadi biyu, ɗaya mai gaskiya, ɗaya maƙaryaci, tambaya ɗaya tak za ka yi wa ɗayansu don gane ƙofar tsira, amsarta eh ko a'a. Kafin shayina ya huce na warware, don Inna, mahaifiyata, ta riga ta koya mini.

Ni ne ɗanta na fari, alkunya ba ta barinta ta ce mini eh. Kina buƙatar wani abu? A'a. In dawo gida? A'a, yi karatunka.

Da ciwonta ya tsananta na kira ta, ruwan la'asar yana dukan tagata, muryarta a dushe, ina jin ƙarar carbinta. Sai na sauya dabara.

"Inna, da ƙanwata zan tambaya ko kina so in dawo, za ta ce eh?"

Ta yi 'yar dariya. "Yarinyar nan ba ta da kunya. Za ta ce."

Na koma gida, na same ta da rai.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya sa tambayar kabari ta zo miki da sauƙi.