Sarewa Ta Ƙi Tafiya Gida

A gidan rediyon nan babu mai kiran ta da sunan yanka. Sarewa ake ce mata, saboda muryar da take karanta labarai da ita. Sai ciwon maƙogwaro ya kama ta, aka yi mata aiki. Ta warke, amma muryar ta dawo a shaƙe, kamar ana jan buhu a kan siminti.

Manaja ya kira ta ofis, yana ta juya biro a hannu.

"Yaya, kin yi mana aiki iya aiki. Ki je gida ki huta."

"Muryata aka yanka, ranka ya daɗe, ba kunnena ba. Akwai kujera a ɗakin tace sauti."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari ta ɗauki kofin shayinta ta tare a can.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, bangonsa manne da soso, fankarsa a kashe don kar ƙararta ta dami kunne. Mai ɗakin wani dogon mutum ne da ake kira Injiniya, wanda bai son a taɓa masa ko waya.

Manhajar kwamfuta ɗaya ta sani tun tana karanta labarai, wadda ake buɗe sauti guda a cikinta a yi masa gyaran ƙwaƙwaf. A cire tari, a rage shuuu ɗin makirufo, a datse dogon numfashi. Da ita ta fara haɗa wasan kwaikwayo. Ta ɗora ƙarar ruwan sama a kan muryar uwar wasan, ta adana. Da darakta ya saurara sai ya ce ruwan ya danne maganar, a rage shi. Ta nemi ragewa, abu ya gagara. Ruwa da murya sun zama abu ɗaya.

Injiniya ya yi dariya har da buga cinya.

"Kin zuba gishiri a miya, yanzu kina neman tsamo shi! Wannan ta gyaran sauti ɗaya ce, abin da kika adana ya zauna ke nan. Wasa kuwa sai manhaja mai layi-layi. Murya layinta daban, ƙarar ƙofa daban, ruwa daban, kuma ainihin abin da aka ɗauka yana nan ba a taɓa shi ba. Amma fa ba aikin masu jikoki ba ne."

"To buɗe min ita. Jikokin suna gidan iyayensu."

Aka sake tara 'yan wasa aka ɗauki wurin da ya lalace, suna ta gunaguni. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Sabuwar manhajar ta ba ta wuya. Layuka jere kamar shanyar kaya, ta ja wannan wancan ya goce. A gida maigidanta ya ce, "Wai ke da wa kike yi ne?" Ta ce, "Da duk wanda ya shimfiɗa min tabarmar hutu." Sai ma ya sayo mata tabarau mai ƙarfi.

A hankali hannunta ya faɗa. Ta gane manhajojin biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Murya mai datti sai ta kai ta tsohuwar manhajar ta wanke, sannan ta dawo da ita cikin layuka ta zaunar da ita kusa da kiɗa da takun sawu. Injiniya ya daina dariya, ya koma cewa ta cika masa kwamfuta da fayil.

Yanzu wasan mako-mako a hannunta yake. 'Yan wasa sun fi tsoron ta a kan darakta. Ko takarda mutum ya motsa a gaban makirufo, sai ya ga ta ƙwanƙwasa gilashin ɗakin ɗaukar murya da zobenta, ta nuna shi da yatsa.

"Kai mai jar riga, a sake. Kuma cire agogon nan, ina jin sa."