Rigar da Kura Ta Sa a Tasawa

A hannun kakata na tashi, a Korgom. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara, ko da kuwa dukana za ta yi. Shekarun gyaɗa ne. Da an gama girbi, kowane gida ka shiga tsibin gyaɗa ya fi na hatsi tsawo, manyan motocin kaya, kamyo-kamyo, suna ta ɗiba zuwa Tasawa. Da an idar da isha'i, mu yaran gida mukan kewaye wuta, kowa da ƙwaryarsa, muna ɓarar gyaɗar iri muna zuba ɓawon a wuta. Kaka ba ta tatsuniya kyauta. In hannu ya tsaya, baki ya tsaya, haka dokarta take. Na sha jin haushin dokar nan, don yatsuna har zafi suke yi.

Tana da tata hanyar buɗewa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata nan tahe, wa ka tarbonta?" Mu kuwa mu amsa, "Mu ne, ta zo ta zauna."

Wadda ba na mantawa ita ce ta kura mai tsaron rumbu. Wai dabbobin dawa suka haɗa hatsinsu a rumbu guda saboda tsoron yunwa, suka rasa wanda za su ba amana. Aka ce a ba kura, tunda kowa ya san ba ta cin hatsi. Kura kuwa kullum sai ta buɗe rumbu ta kira zabi su ci su ƙoshi. In sun yi ƙiba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta lamushe. Da yunwa ta zo aka buɗe rumbu, ba komai ciki sai gashin zabi. Kura ta rantse ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa shiga bakinta ba, kuma gaskiya ta faɗa. Kurciya kaɗai ta ga abin da ya faru, ta hau bishiya tana waƙa: "Ba ta ci ba, ta ci mai ci." Washegari aka nemi kurciya aka rasa. Nan Kaka ke tsayawa. In mun ce, "To sai me?" ta ce, "Sai ku ci gaba da ɓara."

Wani dare Kawu Idi yana zaune bayanmu yana saurare. Shi ne autan Kaka, kuma mushe ne, wato malami, a lakwal, makarantar bokon garinmu, ni ma a ajinsa nake. A lokacin an ce kowace lakwal ta kawo ɗan gajeren wasan kwaikwayo Tasawa ranar bikin ƙasa, a yi gaban kwamanda da manyan gari. Daraktan lakwal ɗinmu ya ba shi zaɓi biyu, na baƙauyen da ya shiga mota karon farko, da na miji mai rowa da ke kwana rungume da tukunyar miya. Kawu ya ce an yi su bara, an yi su bara waccan, kuma ya gaji da sa talakawa suna dariyar kansu. A daren nan ya ce ya samu wasansa.

Kaka ta ajiye ƙwaryarta. "Idi, tatsuniya abin dare ce. Cikin duhu kura ba ta da huska, kowa ya ga tashi a zuci ya yi shiru. In ka kai ta rana, mutane za su nema mata suna."

"Haba Inna, wasan yara ne."

"Wargi wuri gare shi. Ni dai na hwaɗi."

Ko mu yara mun san abin da take tsoro. Akwai wani mutum a garinmu da ake kira Mai Mangaza, don makullin ɗakin ajiyar gyaɗar iri da na rumbun tsimin gari duk a hannunsa suke, kuma shi ne idon jam'iyya a yankin. Hatsin tsimi yana raguwa, gidansa yana ƙara ɗaki. Kowa ya sani, ba mai cewa uffan.

Aka raba mana matsayi. Ni aka ba kurciya, saboda ƙaramar muryata. Kura kuwa aka ba Sale, wani ƙaton yaro mai tafiya kamar an ɗaura masa turmi. Lakwal ba ta da kayan wasa, al'adar ita ce kowa ya aro tufarsa a gida ranar tafiya. To mahaifin Sale baran Mai Mangaza ne, kuma a wancan zamani babban mutum in ya gaji da riga, baransa yake ba. Uwar Sale ta buɗe adaka ta ɗauko masa rigar da ta fi kowace kyau a gidan, shuɗiya mai jan aiki a wuya. Daga Korgom har Tasawa ba wanda bai san wuyan da ya fara sa rigar nan ba.

Da hantsi aka kira mu fili. Sale yana fitowa dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa ƙasa. Da ya ɗaga hannu yana rantsuwa bai taɓa ƙwaya ba, wani daga can baya ya yi ihu, "Wallahi shi ne!" Daga nan wurin ya yi tsit. Cikin shirun nan na rera waƙar kurciya. Mai Mangaza yana layin gaba. Da muka gama shi ya fara tafi, yana murmushi. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro kamar murmushin nan ba.

Ba a jima ba jandarma suka zo lakwal da mota, suka tafi da Kawu. Aka ce Kawu yana da hulɗa da masu adawa da gwamnati da ke tsallako iyaka. A shekarar nan, in aka jingina wa mutum wannan magana, ba a neman shaida. Kaka ta bi motar ba takalmi har bayan gari. Daga can ta wuce ƙofar Mai Mangaza ta durƙusa, ina riƙe da gefen zanenta. Ya fito ya ce, "Tsohuwa, ni kuwa mi nawa? Hannuna bai taɓa ɗanki ba."

An ce arewa aka kai shi. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, sannan aka aiko mana da cewa ya rasu a kurkuku. Ba mu ga gawa ba.

Kaka ta ci gaba da hura wuta, muka ci gaba da ɓara, amma tatsuniya ta ƙare a gidanmu. In baƙi sun zo gaisuwa, magana ɗaya take maimaitawa: "Tsautsayi ne. Idi bai lura da rigar ba, da bai bari ba." Da wannan ta rayu. Uwar Sale kuwa, Kaka ba ta sake amsa gaisuwarta ba har ta koma ga Allah.

Ni ma koyarwa na yi, a Mayahi, kuma shekara da shekaru ni ke zaɓa wa yara wasan da za su yi. Na ɗauka darasin da na samu shi ne lura. Kafin yaro ya shiga fili sai na duba hularsa da rigarsa, na tambayi ta wace ce, wa ya taɓa sa ta. Sai da na yi furfura na gamu da Sale a kasuwar Mayahi yana sayar da igiya. Muka gaisa, na ce masa ya daina ɗaukar abin a ransa, kuskure ne na ƙuruciya. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Wane kuskure, Malama? Tun cikin kamyo na nuna ma Mushe rigar, na ce in tuɓe? Ya daɗe shina kallonta. Sannan ya gyara min wuyan da hannunshi, ya ce in na shiga hili in juya sosai, na baya su gani."

Na zauna a kan buhun wani ban san na zauna ba. Ashe Kawu ya ji gargaɗin uwarsa sarai, ya san makomar kurciya, ya zaɓa da idonsa buɗe. Har yau in an kawo mini wasa mai haƙora, nakan rasa wanda zan bi tsakanin Kaka da Kawu, don dukansu biyu gaskiya gare su. Abu ɗaya na tabbatar, na gode wa Allah da Kaka ta rasu ba ta ji maganar Sale ba. Ta iya haƙura da tsautsayi. Ban sani ba ko da za ta iya yafe wa ɗanta.