Kwana Arba'in Zuwa Konduga

Bari in rage wa mai karatu wahalar nema tun daga farko: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Na bar makaranta a aji huɗu, na shekara talatin da ɗoriya ina tuƙa motar ma'aikata, na ajiye aiki da farin gemu da ciwon baya, kuma duk wannan bai hana ni tafka abin da zan faɗa ba.

Ina da yaya mace a Konduga. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ce kuma mutum na farko da ya taɓa sharara mini mari a duniya. Ya muke ce mata, yadda ake kiran babba a wurinmu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna gidajen aure a nesa, ta zauna ita kaɗai da awaki uku da gonar wake da gwiwa mai ciwo.

A shekarar da aka katse layukan waya, magana ta koma tafiya a baki kamar zamanin kakanni. Wani direban a-kori-kura mai ɗauko itace daga can shi ya tsaya a ƙofar gidana a unguwar Gomari, ko injin bai kashe ba.

"Baba, wushe, sannu da gida. Yayarka ta ce yaran nan sun fara yini a bakin gari. Ta ce ka zo ka ɗauke ta, ta riga ta ɗaure kaya."

Yaran nan, haka muke kiransu. Ba mai kama sunansu ko a cikin ɗakinsa.

Daga gidana zuwa Konduga a da ba ta kai tafiyar awa guda ba. Kuma ina da mota, wata tsohuwar wagon da na samu a gwanjon ma'aikata, wadda tun da na ajiye aiki nake lallaɓa ta kamar amarya: yau fenti, gobe kujera, jibi kafireta. Tana tafiya. Ba ta gudu ne kawai. Ni kuwa kunnena ya cika da labarin yadda yaran ke fitowa daga daji a kan babura su biyo mota ta baya.

Abin da ke cikina tsoro ne, yanzu na san haka. Amma tsoho mai gemu ba ya zama ya ce wa matarsa yana jin tsoro. Sai ya ce mota ba ta da ƙarfi.

A wurin 'yan gwangwan na gan ta, cikin tarkacen wata ƙaramar motar dizal da ta yi hatsari. Turbo ake ce mata. Ƙarfe ne naɗaɗɗe kamar katantanwa, da 'yar fanka a ciki. Hayaƙin da injin ke zubarwa shi ke juya fankar, ita kuma ta cusa wa injin iska ta dole, kamar yadda ake yi wa jinjiri ɗura. Na taɓa tuƙa mota mai irinta sau biyu, saboda haka na ɗauki kaina malamin abin. Na rungumo ta zuwa gida cikin buhun siminti.

Maƙwabcina mai walda ne, mutumin wajen Biu, dattijo a cocinsu. Ina ce masa Fasto don in ba shi haushi, shi kuma yana ce mini Injiniya don ya rama. Ya juya katantanwar a hannu, ya hura mata iska, ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya, wannan ta dizal ce. Motarka fetur take sha."

"Iska ai ba ta da addini, Fasto. Ta shiga can, za ta shiga nan."

"Kwana nawa kake so?"

"Uku."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bencinsa.

Ba a sayar da mazaunin irin wannan abu a kasuwa, sai dai ka ƙera. Muka sami faranti mai kauri, muka ɗora tsohon gasket, 'yar shimfiɗar da ke hana iska fita tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a kai muka zana, Fasto ya yanka da wuta, ni na zauna da zarto ina gogewa har tafin hannuna ya yi ruwa. Bututu huɗu ake buƙata daga injin, su haɗu a bakin katantanwa. Fayif ɗin rijiyar burtsatse muka samu. In ka lanƙwasa shi haka kawai sai ya lotse, don haka sai an cika cikinsa da busasshen yashi, a toshe baki biyu, a gasa shi ya yi ja, sannan a karya masa wuya a hankali. Na je bakin kogin Ngadda da kaina na ɗebo yashin, na shanya a tsakar gida, matata tana kallona kamar mai sabon ciwo. Guda biyu suka tsage, muka sake. Wuta ba ta zuwa, janareton Fasto kuma sai ya ga dama.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na ji daɗin kwanakin nan. Muddin ina riƙe da sifana ba na tunanin hanya. Jiragen yaƙi na tashi ta kanmu daga filin jirgi, in ɗaga kai in ce wa Fasto, "Ka ji kukan nan? Haka tawa za ta yi."

Wajen kwana ashirin mai itace ya sake tsayawa.

"Baba, ta ce maƙwabtanta na dama da na hagu duk sun tashi. Ta ce in mai ne babu, ka faɗa, ta aiko da akuya."

Da ya tafi matata ta ajiye tsintsiya.

"Malam, ka bi motar itacen nan mana. Ka shiga gaba, ka ɗauko ta, ku dawo kafin la'asar."

"A kan itace zan ɗora matar da ta goye ni? Da gwiwar nan tata?"

"To ka ba ta gaba, kai ka hau itacen."

Na ce mata harkar mota ba ta mata ba ce. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Saura jijiyar baƙin mai, domin katantanwa in ba ta sha mai ba minti kaɗan take ƙonewa. Muka ja mata siririn bututun jan ƙarfe, muka huda kaskon ƙasa don man ya koma. Muka sa gasket biyu a kan injin don kada matsin ya fasa fistin. Sai iskar ta ƙi shiga kafireta lami lafiya, tana buƙatar tukunyar da za ta taru a ciki tukuna. A nan basirata ta motsa. Akwai wata tsohuwar tukunyar kashe gobara a ɗakina, ja jawur, tun ta ma'aikata. Muka yanke gindinta, muka kwantar da ita a saman injin, tiyo biyu suna shiga, ɗaya yana fita. Na karɓo agogon auna iska wurin mai faci, na ja masa waya da 'yar fitila zuwa gaban direba.

Fasto ya ja baya ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, shafa wa abin nan baƙin fenti."

"Me ya sa? Jan ne adonsa."

"Ni dai ba na son kamanninsa."

"Kai ba ka son duk abin da ba a rubuta a littafinku ba."

Ranar gwaji da hantsi ne, layinmu cike da mutane. Na murza makulli, ta tashi. Na taka totur, katantanwa ta fara fito siriri. Na ɗaga ƙafa. Sai salansa ta ce tau! Ta ƙara, tau! tau!

Kafin in kashe injin layin ya zama fayau. Mai ƙosai ta bar kasko a wuta, wani ya faɗa kwata da farar shadda, takalma warwatse kamar ƙofar masallaci. Na fito ina shirin dariya, sai na ga matar da ke gida na uku da nawa, wadda aka harbe ɗanta a bakin titi shekarar da ta gabata. Ba ta gudu ba. Ta zauna ne daɓas a ƙasa, hannu biyu a ka, bakinta na motsi ba sauti. Sai da mata biyu suka ɗaga ta. 

Bulama, mai unguwarmu, ya zo da 'yan gora, samarin da ke tsaron unguwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ne babba a layin nan. Me zan ce wa yara?"

Wani mai hankali da a ranar ya kwance katantanwa ya jefa ta rijiya. Ni sai na ce ai wutar fulogi ce ba ta daidaita ba. Na ƙara kwana goma sha ina daidaitawa, ina gwadawa da tsumma cushe a salansa.

Ranar da ta cika kwana arba'in da saƙon farko, na yi sallar asuba, na jira aka ɗage dokar hana fita, na kama hanyar Bama, wadda ke bi ta Konduga. Kuma wallahi motar ta gudu. A ɗan filin da na samu ta manna bayana da kujera, har na ce da ƙarfi, "Ya, ga ni nan!"

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a garinmu a lokacin ba a gudu. Daga wannan shinge zuwa wancan, ka rage tafiya, ka sauka, ka ɗaga riga, ka buɗe but, ka buɗe bonet. A shingen ƙarshe na bakin gari wani soja, yaro da bai kai autana ba, ya ce in buɗe gaba. Na buɗe da alfahari, ina jiran yabo.

Ya ga jar tukunya kwance a kan injin, da tiyo, da waya ta bi ta shiga cikin mota.

Ban taɓa jin ihu irin nasa ba. Kafin in buɗe baki fuskata na cikin ƙasa, takalmi a bayana, bakin bindiga a ƙeyata. Motocin da ke bayana suka juya, mutane suka watsar da kaya suka ruga. Ina cewa, "Iska ce! Iska ce kawai a ciki!" yashi na shiga bakina. Kuma ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Da ni ne a wurinsa, ban san ko zan tsaya jin bayani ba.

Na yini a rana, hannu a ɗaure, motar can nesa an kewaye ta da duwatsu. Sai bayan azahar wani babbansu ya zo, mai furfura kamar tawa. Ya leƙa daga nesa, ya matsa, ya bi tiyon da ido har zuwa katantanwa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya dawo ya tsuguna a gabana.

"Baba, wa ya yi maka wannan aiki?"

"Ni da maƙwabcina."

"Waldar ta yi kyau. Ina za ka?"

Na faɗa masa. Ya dubi hanyar, ya dube ni.

"An rufe tun tsakar rana. Ba mai wucewa. Da jiya ka zo."

Suka kwance tukunyar suka riƙe, aka janyo mini motar zuwa gida da igiya, a bayan keke mai ƙafa uku.

Washegari mutanen Konduga suka fara shigowa gari a ƙafa. Ba zan rubuta abin da suka faɗa ba. Kwana biyu ina bin makarantun da aka zuba su, aji aji, ina leƙa fuskar kowace tsohuwa, ina tambayar mai gwiwa mai ciwo, mai awaki uku. Wani ya ce ya gan ta, wani ya ce ba ita ba ce. Na sami mai itace, ya kawar da kai. Fasto yana biye da ni duk inda na sa ƙafa, bai ce mini Injiniya ba ko sau ɗaya.

Rana ta uku da la'asar na dawo gida ba ƙarfi, na tarar da ita zaune a tabarma a tsakar gida. Matata ta sa mata ƙafafu a kwano da ruwan ɗumi da gishiri, ruwan ya yi ja. Ba kaya, ba akuya, mayafin ma na wata ne. Ta rame har na ga mahaifiyarmu a fuskarta.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice. Kamata ya yi in yi shiru daga nan, amma bakina bai taɓa sanin lokacin da ya dace ba. Na fara bayani: hanya, babura, yashin Ngadda, soja. Na nuna mata motar a gindin dalbejiya, bonet a buɗe.

"Ya, don ke na yi. Da kin ga yadda take gudu, wallahi ko babur ba ya kamo ta."

Ta juya ta dubi motar sosai, daga gaba har baya. Sannan ta ɗago ƙafa ɗaya daga cikin kwanon, ta dube ta, ta mayar.

"Lallai tana gudu. Kwana arba'in ba ta iso Konduga ba. Ni da gwiwar nan kwana biyu na yi."